Murtala Ramat Muhammed: hafsan sadarwar da ya tsallake matakala

A 1961 aka maƙala wa Murtala Muhammed anini ɗaya a kafaɗa, ya zama ƙaramin Laftanar. A 1966 ya zama Laftanar Kanar. Shekara biyar ke nan tsakani, alhali a rundunar sojan Ingila da ta horar da shi hafsa kan share shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya taka wannan matsayi. Yana da shekara 28 aka damƙa masa runduna sukutum a fagen yaƙi, yana da 36 aka damƙa masa Nijeriya, yana da 37 aka kai shi makwancinsa a Kano. Wanda duk ke son gane dalilin da ya sa mulkinsa na kwana kusan 200 ya zo da zafin da ya zo da shi, to ya koma kan wannan matakala, ya duba inda Murtala ya taka da inda ya tsallake.

An haife shi ranar 8 ga Nuwamba, 1938, a cikin birnin Kano, a zuriyar da aka sani da malanta da alƙalanci. Sunan Ramat da ke tsakiyar sunansa na mahaifiyarsa ne, Ramatu. Ya yi elementare a Cikin Gida da Gidan Makama, ya shiga Midil ta Kano, wadda ita ce Kwalejin Rumfa ta yau, sannan a 1952 ya wuce kwalejin gwamnati ta Zariya, ya gama a 1957. Wannan kwaleji ita ce aka kafa a Katsina a 1921, aka mayar da ita Kaduna, daga baya Zariya, har ta zama Barewa. Sardauna da Tafawa Balewa sun yi ta tun tana Katsina, Shehu Shagari ya yi ta, Yakubu Gowon ma can ya yi. A wancan zamani yaron da ya fito daga cikinta bai neman aiki, aiki ke nemansa: ga ofishin En'e, ga gwamnatin Jihar Arewa da ke fafutukar maye gurbin Turawa da 'yan Kudu da 'ya'yanta, ga koyarwa.

Shi ya sa zaɓen aikin soja da ya yi a 1958 yake buƙatar bayani. Tun zamanin Turawa, a ƙasar Hausa ana yi wa soja kallon aikin wanda ba shi da gata, ɗan babban gida ba ya zuwa. Sakamakon haka Arewa ta cika bariki da kurata da masu igiya, amma hafsoshi 'yan ƙasa akasarinsu daga Kudu suke, musamman Gabas. Shugabannin Arewa sun hango haɗarin, suka shiga kwaɗaitar da 'yan makaranta. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya ba da misali da ɗansa Hassan, wanda ya fito daga Sandhurst. A 1961, lokacin Muhammadu Ribadu yana ministan tsaro, aka kafa tsarin kaso wajen ɗaukar hafsoshi: rabi Arewa, kwata Gabas, kwata Yamma. Murtala ya riga wannan tsari shiga, da takardar kammala sakandare ya samu gurbinsa.

Hanyar zama hafsa a lokacin tana da zango uku. Da farko tantancewa da ɗan horon share fage a gida, sai wasu watanni a makarantar horar da hafsoshi ta Teshie a Gana, wadda ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila suka yi tarayya a kanta, sai kuma Ingila. A can hanya ta rabu biyu. Akwai Sandhurst, inda ake shekara biyu ana haɗa horon soja da karatun aji, akwai kuma Mons a Aldershot, inda ake gajeren kwas na 'yan watanni. Da gaggawar cike gurbin Turawa ta tsananta, sai aka fi tura yara Mons, can Obasanjo da Danjuma da Buhari suka bi. Murtala Sandhurst ya yi, tare da Muhammadu Shuwa, abokin karatunsa tun Zariya, da Ibrahim Haruna, da Iliya Bisalla. A riƙe waɗannan sunaye uku, domin kowannensu zai sake ɓullowa.

Daga nan aka sa shi sashen sadarwa, ya je makarantar wannan fanni a Catterick. A nan ne tarihinsa ya rabu da na takwarorinsa. Hafsan sojan ƙasa yana hawa ne ta kan mutane: ya fara da soja talatin zuwa arba'in, ya riƙe kamfani mai soja ɗari da 'yan kai, ya yi aikin ofis a hedikwatar birged, ya je kwalejin manyan hafsoshi inda ake koyar da tsara yaƙi da lissafin abinci da mai da harsashi, sannan a ba shi bataliya mai soja ɗari shida zuwa ɗari takwas. Sai ya iya da bataliya ake tunanin ba shi birged mai bataliya uku, sai ya iya da birged ake zancen runduna. Kowane mataki akwai kuskuren da ake so hafsa ya yi tun asarar ba ta da yawa. Hafsan sadarwa kuwa aikinsa shimfiɗa waya, kafa tashoshin rediyo, raba zangon magana tsakanin rukunoni, tsare kalmomin sirri, da tabbatar da cewa umarnin kwamanda ya isa inda aka aika shi kan lokaci. Aiki ne na masu kaifin ƙwaƙwalwa, kuma yana ba mutum abin da sauran ba su da shi, wato sanin kowace bariki da wanda ke kan na'ura a cikinta. Amma ba ya koya wa mutum yadda ake tura dubban soja su ƙwace gari.

A 1962 ya je Kongo cikin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a shekarar ce ya zama dogarin Dokta Majekodunmi, kantoman da gwamnatin tarayya ta naɗa wa Jihar Yamma lokacin dokar ta-ɓaci. Yana ɗan shekara 23 ya ga yadda ake jan zaren siyasa daga cikin ɗaki. A 1963 ya auri Ajoke, Bayarabiya, suka haifi 'ya'ya shida. Masu yi masa kallon ɗan Arewa mai ra'ayin riƙau kawai sukan manta da wannan. A shekarar ya riƙe sashen sadarwa na Birged ta Ɗaya a Kaduna, a 1964 ya zama Manjo a Apapa, zuwa ƙarshen 1965 yana riƙon shugabancin sadarwar sojan ƙasar baki ɗaya.

A daidai lokacin kawunsa, Alhaji Inuwa Wada, shi ne ministan tsaro, ya gaji Ribadu wanda ya rasu a watan Mayun 1965. Ba a rasa masu cewa hanya ce ta yi aiki ba. Zancen ba ya da ƙarfi in aka dubi sauran. Gowon ya zama hafsa a 1956, ya kai Laftanar Kanar a 1963. Ojukwu ya shiga soja a 1957, ya kai wannan matsayi a 1964. Kowa gudu yake yi, domin Turawa na tattara komatsansu: babban kwamanda Bature na ƙarshe, Welby-Everard, ya miƙa wa Aguiyi-Ironsi a 1965, kuma duka sojan ƙasar bai wuce mutum dubu goma da wani abu ba, birged biyu da bataliya biyar. Abin da dangantakar ta ba Murtala shi ne kusanci da manyan jam'iyyar NPC. Ranar 15 ga Janairun 1966, da aka yi juyin mulkin farko aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa, aka kuma kashe manyan hafsoshin Arewa huɗu, Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam, abin ya same shi ta fuska biyu, ta gida da ta bariki.

Bai ɓoye fushinsa ba. Shi ne jigon ramuwar gayya ta 29 ga Yulin 1966, wadda ta faro daga barikin Abeokuta, ta ci Ironsi, wanda ya karɓi mulki bayan juyin Janairu, da gwamnan Yamma Fajuyi a Ibadan, da hafsoshi da kurata da yawa 'yan Gabas. Yaransa suka riƙe Ikeja da filin jirgin sama, kuma abin da ke bakinsu shi ne a raba, Arewa ta kama gabanta. Sai da aka kwana ana ja-in-ja da manyan ma'aikatan gwamnati da jakadun Ingila da Amurka kafin a sauka daga wannan matsayi, Gowon ya hau ranar 1 ga Agusta. Murtala ya yi aikin, wani ya hau kujera, kuma tsamin da ke tsakaninsu bai gushe ba har 1975.

Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967. Ranar 9 ga Agusta sojojin Biyafara suka tsallaka gadar Neja ƙarƙashin Victor Banjo, suka mamaye Jihar Yamma ta Tsakiya, suka kai Ore, hanyar Legas ta buɗe. Gwamnati ba ta da rundunar da za ta tare su. Cikin kwanaki aka harhaɗa Runduna ta Biyu da duk wanda hannu ya kai kansa: masu aikin ofis, masu dafa abinci, tsofaffin soja, sababbin kurata da ba su gama koyon riƙe bindiga ba, aka kwashi motocin haya aka loda su. Aka ba Murtala, mutumin da bai taɓa riƙe bataliya ba, balle birged, kuma bai taka kwalejin manyan hafsoshi ba. Gowon, a kwatance, ya yi irin wannan kwaleji a Camberley a 1962, ya yi ta Latimer a 1965.

A zangon farko halinsa ya yi rana. Abin da ake buƙata shi ne sauri da ƙarfin hali da wanda zai tsaya a kan mutane, kuma yana da su. Ya kora 'yan Biyafara baya, ya shiga Benin ranar 20 ga Satumba, ya isa Asaba a farkon Oktoba. A nan rashin horon rundunar da sakacin shugabanninta suka haifi abin da har yau ba a wanke ba. Ranar 7 ga Oktoba sojojin Runduna ta Biyu suka tara maza farar hula a Asaba suka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Murtala ne kwamandan rundunar, kuma a ƙa'idar soja abin da yara suka yi yana wuyan mai riƙe da su. Ba a gurfanar da kowa ba.

Sai maganar tsallaka kogi. 'Yan Biyafara sun karya gadar da suka bi, Onitsha na hange a ƙetare, ruwa ya fi kilomita ɗaya faɗi. Tsallaka kogi a gaban abokin gaba yana cikin ayyuka mafi wuya a yaƙi, kuma yana da sharuɗɗa sanannu. Sai an leƙi gaɓar can an san inda bindigoginsu suke. Sai an ruɗe su game da wurin da za a sauka, domin jirgin ruwa a tsakiyar kogi ba shi da maɓoya. Sai igwa ta danne su tun daga tashi har sauka. Sai jirage sun isa yadda zubi na biyu zai iske na farko kafin harsashinsa ya ƙare. Waɗanda suka fara sauka kuma aikinsu su haƙa ramuka su tsare bakin ruwa, kada su kutsa gari. Hedikwatar soja a Legas ta ba da shawarar a haura arewa zuwa Idah, inda gaɓa biyu ke hannun gwamnati, a tsallaka lafiya a gangaro ta ƙasa. Wasu daga cikin kwamandojinsa, irin su Alani Akinrinade, sun nuna rashin amincewa da tsallakawa kai tsaye. Murtala ya kafe.

Zubin farko ya sauka Onitsha a watan Oktoba, har ya shiga gari. Maimakon tsare bakin ruwa, sojoji suka bazu cikin kasuwa, babbar kasuwar ta kama da wuta, ɗaukin da ake jira daga Asaba bai iso ba. Da 'yan Biyafara suka dawo da martani, Joe Achuzia na cikin jagororinsu, waɗanda suka tsallaka suka rasa gaba suka rasa baya, da yawa suka halaka a ruwa. Ya sake gwadawa sau biyu a wuri guda, inda abokin gaba ya riga ya saita bindigoginsa, sakamakon bai sauya ba. Daga ƙarshe hanyar Idah ɗin ya bi, ya gangaro ta Awka, ya kama Onitsha a watan Maris na 1968. Ranar 31 ga watan, a Abagana, aka yi wa ayarin kayan rundunar mai motoci kusan ɗari kwanton ɓauna. Motocin na tafe a manne da juna kan siririn titi, tankar mai na tsakiyar masu ɗauke da albarusai, wuta ɗaya ta cinye ayarin. Ba da tazara tsakanin motoci, raba mai da harsashi, da share dajin gefen hanya kafin wucewa, darussa ne na farko-farko a aikin hafsan tsare-tsare.

A ɗaya fagen, abokin karatunsa Shuwa yana jan Runduna ta Ɗaya a hankali, ba ya matsawa sai ya tara kaya ya tsare bayansa. An yi ta zarginsa da nawa, amma bai yi asara irin ta Onitsha ba. Makaranta ɗaya, kwas ɗaya, hali daban, fannin aiki daban. A tsakiyar 1968 Murtala ya bar fagen daga, Ibrahim Haruna ya karɓi rundunar. Ya koma kujerarsa ta sufeton sadarwa yana Kanar. Sai bayan yaƙi ya tafi kwalejin manyan hafsoshi ta Latimer, karatun da ya kamata ya riga Asaba, ya zama Birgediya a 1971. A watan Agustan 1974 Gowon ya naɗa shi kwamishinan sadarwa na tarayya, wanda shi ne kaɗai aikin mulkin farar hula da ya riƙe kafin ya hau, kuma bai cika shekara a kai ba.

Ranar 29 ga Yulin 1975, Gowon na taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, Kanar Joe Garba ya sanar da kifar da shi. Masu juyin, Kanar-Kanar ne irin su Garba da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Abdullahi Muhammad, ba su ɗauki kujerar ba, suka miƙa wa manyansu uku, Murtala da Obasanjo da Danjuma. Da yake sun san mutuminsu, suka gindaya sharaɗin cewa Majalisar Ƙoli ta Soja za ta iya taka wa shugaba birki. Ya fara ƙi, kafin a shawo kansa.

Mulkin ya tafi kamar zangon Ore zuwa Benin. Ya sauke gwamnoni goma sha biyu, bincike ya wanke biyu kacal daga cikinsu, Mobolaji Johnson da Oluwole Rotimi. Ya fitar da sababbin gwamnoni daga Majalisar Ƙoli, ya sa su ƙarƙashin babban hafsan hedikwatar ƙoli, domin a zamanin Gowon gwamna ya zama sarki mai cin gashin kansa. Wannan gyara ne na mutumin da ya san darajar layin umarni guda ɗaya mara tsinkewa. Ya soke ƙidayar 1973 aka koma ta 1963. Ya tunkari cunkoson tashar Legas, inda jirage sama da 400 ke jibge, galibinsu da simintin da aka yi odar tan miliyan 20 nasa, kuɗin jira na hawa kullum. Ranar 1 ga Oktoba ya ba da jadawalin miƙa mulki a 1979, ya kafa kwamitin tsara tsarin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Kwamitin Mai shari'a Aguda ya duba batun babban birni, na Mai shari'a Irikefe ya duba jihohi, ranar 3 ga Fabrairun 1976 ya sanar da jihohi 19 da komawa Abuja. A waje ya amince da gwamnatin MPLA a Angola, ya yi fatali da wasiƙar shugaban Amurka Gerald Ford mai adawa da wannan gwamnati, ya je Addis Ababa a watan Janairu ya faɗi matsayinsa a gaban shugabannin Afirka. Abubuwan da suka shekara suna jiran sa hannu, ya yanke su cikin wata shida, kuma galibinsu sun zauna.

Onitsha ta mulkin ita ce kakkaɓar ma'aikata. Sama da mutum dubu goma aka sallama nan take, daga Alƙalin Alƙalai Taslim Elias har masinja, har jami'o'i da 'yan sanda da soja. Laifin da ake karantawa a rediyo ya haɗa da rashawa, lalaci, tsufa, rashin lafiya. Akwai ɓarayi a ciki, babu musu. To amma dokar aikin gwamnati ta tanadi matakai: a rubuta wa ma'aikaci tuhuma, ya ba da amsa a rubuce, hukumar kula da ma'aikata ta zauna ta yanke. An tsallake su duka, aka bar wa shugabannin ma'aikatu su kawo sunaye, wanda ke da ƙullin wani ya samu dama. Wasu sun tafi ba fansho ba garatuti, an ba su 'yan kwanaki su fita daga gidan gwamnati. Darasin da waɗanda suka tsira suka ɗauka shi ne kujera ba ta da tabbas, gara mutum ya tanadi na gobe tun yana kai. Masana aikin gwamnati da yawa daga nan suke ƙirga lalacewar aikin, kuma hujjarsu tana da nauyi.

Cikin bariki ma an taka sahu. Sojan da bai wuce dubu goma ba kafin yaƙi ya kumbura zuwa kusan dubu 250, ana shirin rage shi, hafsoshin da suka samu anini a fagen daga suna fargabar jarrabawar da za ta tantance su. A watan Janairun 1976 Murtala ya tashi daga Birgediya zuwa cikakken Janar, ya tsallake matsayi biyu, aka ɗaga Obasanjo da Danjuma zuwa Laftanar Janar. Danjuma ƙane ne a aiki ga Bisalla, wanda yake kwamishinan tsaro, ga shi yanzu ya sha gabansa. A soja girma da shekarar shiga ake auna shi, kuma irin wannan ba ya wucewa salin-alin.

Duk da haka bai ƙara tsaro ba. Bai tare a barikin Dodan ba, yana zuwa ofis daga gidansa ba jiniya ba ayari, daga shi sai direba da dogari da odali. Safiyar Juma'a 13 ga Fabrairu, baƙar Marsandinsa ta tsaya a cunkoso kusa da sakatariyar tarayya a Ikoyi, mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka na sashen motsa jiki na soja suka buɗe mata wuta. Dogarinsa, Laftanar Akintunde Akinsehinwa, ya mutu tare da shi, aka kuma kashe gwamnan Kwara, Kanar Ibrahim Taiwo, wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashinsa a Runduna ta Biyu. Juyin ya wargaje a ranar, Obasanjo ya hau. Ranar 11 ga Maris aka harbe rukunin farko na waɗanda kotun soja ta samu da hannu, cikinsu har da Manjo Janar Iliya Bisalla, wanda suka yi fareti tare a Sandhurst. Dimka kuwa sai 15 ga Mayu.